Ba da motar kame ake raba yaro da titi ba

Duk lokacin da wani babban birni zai karɓi manyan baƙi, sai hukuma ta tuna da yaran da ke kwana a tashoshin mota da ƙarƙashin gadoji. A fito da motoci, a kwashe su, a tsare a wata cibiya. Kafin wata ya zagayo sun dawo, sai dai yanzu sun ƙware wajen ɓuya, sun kuma daina yarda da duk babban da ya ce taimako ya kawo.

Wannan yardar kuwa ita ce jarin aikin baki ɗaya, kuma a ganina ƙungiyoyin al'umma ne ke da haƙurin tara ta. Yaron da duka ya koro daga gida ba ya faɗa wa baƙo sunansa na gaskiya ran farko. Sai wanda ya saba gani kullum, wanda ya wanke masa gyambo bai tambaye shi komai ba, shi zai ji labarin kishiyar uwa ko na uban da ya rasa aiki. Jami'in da aka turo aikin mako guda ba zai taɓa jin wannan ba.

A shekarar 2017 Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da bayaninsa na 21 kan waɗannan yara, bayan an ji ta bakinsu, ya nemi gwamnatoci su daina kamen. Masu aikin sun riga kwamitin ganewa. A Mumbai ta Indiya, Jeroo Billimoria ta buɗe layin waya na kyauta, 1098, da yara za su kira su nemi taimako, a 1996, matasan da suka tashi a titi na cikin masu ɗaukar kiran. A Delhi, ƙungiyar Butterflies ta kafa asusun ajiya da yaran ke gudanarwa da kansu. Dabarar ta burge ni, domin ta taɓo abin da mai kwana a ɗaki ba ya tunawa: yaron da ba shi da ma'ajiya dole ya kashe abin da ya samu kafin dare, in ba haka ba a ƙwace yana barci. Ina zai tara jari?

Doka kaɗai ba ta isa ba. Brazil ta yi ingantacciyar dokar kare yara a 1990, amma a 1993 aka bindige yara da matasa takwas kusa da cocin Candelária a Rio, aka kuma samu 'yan sanda da laifin.

Su ma ƙungiyoyin ba a rasa su da aibi. Wasu sun fi son gina gidan marayu, don gini yana fitowa a hoto, alhali yawancin yaran suna da iyaye ko dangi a raye. Mayar da yaro gidan da babu abin sa wa a baki mayar da shi titi ne ta doguwar hanya. Dole a haɗa da uwar, a sama mata sana'a, a riƙa leƙa gidan. Masu ba da tallafi kuma su daina kwangilar shekara guda. Su biya albashin ma'aikatan da ke zagaya tasha da dare. Ita gwamnati, nata shi ne ta ba yaran takardar haihuwa, ta umarci makarantu da asibitoci su karɓe su ko ba waliyyi, ta kuma hukunta ɗan sandan da ya ɗaga musu kulki.