"Bincike ya tabbatar" ɗin nan ya ishe mu haka

Malam mai turo mana hoton teburin nan a gurup, sannu da ƙoƙari. Wai bincike ya tabbatar cikin yarukan rubuta manhaja, Python ya fi Haskell da Scala jawo kurakurai, don haka yara su tattara su bar shi. To madalla, sai mu rufe ajin kowa ya kama gabansa.

Ka ma san yadda aka ƙirga kurakuran kuwa? Binciken na 2014 ne, Baishakhi Ray da abokan aikinta a jami'ar Kalifoniya ta Davis suka kwaso manhajoji 729 daga GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, yaruka 17, komit (wato kowane canjin da mutum ya tura cikin manhaja) kusan miliyan 1.5. Adadin ne ke ruɗa mutane. Amma ta ina suka gane komit na gyaran kuskure ne? Sun sa kwamfuta ta leƙa ɗan saƙon da mutum ke rubutawa in zai tura aikinsa, in ta ga kalma irin "fix" ko "bug" ko "error" sai ta ce ga kuskure nan. Kalma aka ƙirga jama'a, kalma! Wanda ya gyara harafi ɗaya a bayani ya rubuta "fix" an lissafa, wanda ya kwana yana toshe babbar ɓaraka bai rubuta ba ya wuce salin-alin.

A 2019 Emery Berger da Jan Vitek da wasu suka sake bin aikin daga tushe, suka sa mutane duba samfurin komit ɗin da ido, kashi 36 cikin ɗari na abin da aka kira gyaran kuskure ba shi ba ne. Cikin manhajoji 41 da aka ce na yaren TypeScript ne, 16 kaɗai ke da shi, sauran fayilolin fassara ne da su ma sunansu ke ƙarewa da .ts, har da komit na 2003 alhali sai 2012 yaren ya fito. Yaruka 11 da aka ce suna da tasiri kan yawan kurakurai suka koma 4, tasirin ma ɗan mitsitsi, Python ɗin da kake tsorata yara da shi ba ya ciki.

Na san za ka ce ai babbar mujalla ta sake buga shi a 2017, kuma masu shi sun mayar da martani. Eh sun mayar, haƙƙinsu ne, har yanzu dai kalma aka ƙirga. Ko ƙirgan ya yi daidai, wa ya ce yaren ne sanadi ba gogewar masu rubuta shi ba? Mai zaman koyon Haskell galibi ya daɗe a harkar.

Tsakani da Allah abin da ke min ciwo yaran ne. Yarinya ta fara gane yadda ake juya lissafi a Python, da wayar yayanta take koyo, ka zo da hoto ɗaya ka sa mata shakka.