Ga masu maimaita jarrabawar ICAN: a sake duba yadda ake yin karatun

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ya fito, akwai wani rukuni na 'yan'uwanmu akantoci da ake daina jin ɗuriyarsu a zaurukan WhatsApp na wasu makonni. Su ne waɗanda suka sake faɗuwa a takardar da suka riga suka zauna mata fiye da sau ɗaya, galibi da maki 43 ko 46, alhali 50 ake nema. Da su nake son yin magana, domin a cikinsu akwai abokan aiki da ƙanne waɗanda na tabbata ba ragwaye ba ne, kuma ƙwaƙwalwarsu ba ta gaza ta waɗanda suka ci ba. Abin da na lura da shi shi ne, mafi yawansu suna komawa ɗakin jarrabawa da ainihin irin shirin da ya kayar da su a baya, sai dai su ƙara masa sa'o'i da hana ido barci, sannan su yi mamaki idan sakamakon bai canza ba.

Bari in fara kawar da wata magana da ta yi yawa a bakin mutane, wato cewa cibiyar tana kayar da ɗalibai da gangan don ta ci gaba da karɓar kuɗin rajista. Na fahimci abin da ke sa mutum ya faɗi haka bayan ya kashe albashinsa a rajista da kuɗin lakca, amma wannan zato ba ya ƙara wa kowa maki ko ɗaya, kuma yana hana mutum duba inda gizo ke saƙar. ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, tana wallafa wani kundi mai suna Pathfinder bayan kowane zama, wanda ke ɗauke da tambayoyin da aka yi, da amsoshin da ake so, da yadda aka raba maki, da kuma rahoton masu duba takardu a kan kowace tambaya. A wannan rahoto ne ake faɗa wa ɗalibai ƙarara inda aka fi tuntuɓe. Abin takaici shi ne ɗalibai da yawa suna tsallake shi su tafi kai tsaye ga amsa, su karanta ta kamar labari, su gyaɗa kai cewa sun gane, su wuce. Wanda ya faɗi a takarda, abu na farko da ya kamata ya yi kafin ya sayi sabon littafi ko ya canza malami shi ne ya buɗe Pathfinder na zaman da ya faɗi, ya tuna abin da ya rubuta a kowace tambaya, ya gwada shi da abin da masu dubawa suka ce, har sai ya iya faɗa da bakinsa ko rashin sanin darasin ne ya kayar da shi, ko ƙarewar lokaci, ko rashin fahimtar abin da aka tambaya. Waɗannan cututtuka ne daban-daban, kowacce da maganinta, kuma ta farkon kaɗai ƙarin karatu yake warkarwa.

Babbar matsalar da nake gani ita ce karatu da ido. Mutum zai zauna da littafin cibiyar na tsawon sa'o'i huɗu yana bin shafuka, yana ja wa layuka alama da biro mai launi, idan ya zo kan misalin da aka warware sai ya bi shi da kallo daga sama har ƙasa, komai ya yi masa daidai, ya tashi yana jin ya yi aiki. Gane abu idan an gan shi daban yake da iya fito da shi daga ka a kan farar takarda, kuma na biyun ne jarrabawa take aunawa. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da gwada wannan. A wani bincike da Roediger da Karpicke suka wallafa a Amurka a 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi tuna shi bayan 'yan mintuna, amma da aka sake gwada su bayan mako guda, waɗanda aka sa su rufe rubutun su fito da abin da suka tuna ne suka yi musu fintinkau. Mu kuwa ba ma buƙatar a zo daga nesa a koya mana wannan, domin a tsangaya ba a yarda almajiri ya wanke allonsa don kawai ya iya bin rubutun da yatsa. Sai ya kife allon ya kawo hadda a gaban malam, sannan ya ci gaba da tilawar abin da ya wuce don kada ya zube, kuma ba a kiran mutum alaramma sai ya rubuta da ka. Yawancinmu mun taso cikin wannan tsari, amma da muka zo karatun akanta sai muka ajiye shi a ƙofa.

A aikace, abin da nake ba da shawara shi ne a juya tsarin gaba ɗaya. Wanda ya riga ya zauna wa takarda sau biyu ya san manhajarta, don haka bai kamata ya sake farawa daga babi na ɗaya yana karatu kamar sabon shiga ba. Ya fara da tambaya. Ya ɗauko tsohuwar tambaya a kan haɗa lissafin uwar kamfani da na kamfanonin da ke ƙarƙashinta, ya rufe littafi, ya amsa ta da biro a takarda har ƙarshe ko da yana jin yana kame-kame, sannan ya buɗe amsa ya ba kansa maki ba tare da sassauci ba. Inda ya rasa maki, nan ne zai koma littafi ya karanta, kuma zai ga karatun ya zauna domin yanzu yana neman amsar wani abu da ya gagare shi. Bayan kwana uku ko huɗu ya sake amsa tambayar nan ba tare da ya leƙa ba, sannan ya sake bayan mako biyu. Wannan hanya ba ta da daɗi ko kaɗan, tana sa mutum ya ji kamar bai san komai ba, shi ya sa ake gudunta a koma wa ja wa layuka alama, amma gara mutum ya ga gazawarsa a ɗakinsa tun da wuri da ya gan ta a ɗakin jarrabawa.

Sai batun lokaci, wanda a ganina ya kayar da masu maki 45 fiye da yadda jahilci ya kayar da su. Lissafin a bayyane yake. Sa'o'i uku na rubutu minti 180 ne, maki kuma 100, wato kowane maki yana da minti 1.8. Tambaya mai maki 20 haƙƙinta minti 36, mai maki 15 kuwa minti 27. Akanta yana da wata ɗabi'a da aikin ofis ya dasa masa, ba ya iya barin lissafi bai daidaita ba, sai ka ga ya share minti 20 yana neman inda bambanci ya shiga a tambayar dole, abin da bai wuce maki ɗaya ko biyu ba, alhali akwai tambaya sukutum a ƙarshe da bai taɓa ba. Makin farko-farko na kowace tambaya su ne mafi sauƙin samu, kuma tsarin rabon maki yana bin matakan aiki ne, don haka wanda ya nuna yadda ya bi ya samu alƙalumansa zai tsira da wani abu ko da jimillar ƙarshe ta kauce. Idan lokacin tambaya ya cika a bar ta a wuce, ko da zuciya ba ta so. Wannan kuwa ba a koyonsa ranar jarrabawa. Dole ne a makonni shida na ƙarshe mutum ya zauna aƙalla sau ɗaya a mako ya amsa cikakkiyar takarda da agogo a gabansa, wayarsa a kashe, har hannunsa ya saba da rubutun sa'o'i uku, domin wanda ya shekara yana aiki da kwamfuta yakan manta cewa yatsu ma suna gajiya.

Akwai wani abu da ba mu cika son faɗa ba a nan Arewa, amma ya kamata a faɗa. Da yawa daga cikinmu mun fi ƙarfi a lissafi fiye da rubutun Turanci, kuma yayin da mutum yake hawa zuwa matakin ƙarshe, makin bayani da sharhi da ba da shawara yana ƙaruwa, musamman a takardar binciken kuɗi da takardar nazarin halin da wani kamfani yake ciki, inda ake so a rubuta rahoto kamar za a miƙa wa hukumar daraktoci. Ɗalibi zai fitar da alƙaluma daidai, amma da aka ce ya tattauna ko ya auna ko ya ba da shawara sai ya jera kalmomi uku-uku a layi, ko ya kwafo ma'anar da ya haddace daga littafi ba tare da ya danganta ta da kamfanin da ke cikin tambayar ba. Mai dubawa ba Turancin Ingila yake nema ba. Yana son ya ga jimla cikakkiya da ta faɗi batu, ta kawo dalili daga cikin labarin da aka bayar, ta nuna abin da zai biyo baya. Wannan ma da rubutu ake koyonsa, kuma a nan ne abokin karatu yake da amfani, wanda zai karanta amsarka ya ce maka bai gane abin da kake nufi ba. Rukunin karatun da ake haɗuwa a yi hirar wahalar jarrabawa da hasashen tambayoyin da za su fito kuwa, zaman gida ya fi shi.

Haka nan waɗanda suka shigo da digiri ko babbar difloma ta akanta aka yafe musu takardun matakin farko, su bincika kansu da gaskiya. Yafewar gata ce, amma takardun sama an gina su ne a kan na ƙasa, kuma wanda ya bar jami'a shekaru bakwai da suka wuce yana aikin biyan albashi kaɗai a ma'aikata, mai yiwuwa tushen ya riga ya zaizaye. Babu abin kunya a koma wa littafin matakin farko na mako biyu.

Game da yawan takardun da za a ɗauka a zama ɗaya, ra'ayina ya saɓa wa na masu cewa a kwashe su duka a gwada sa'a. Mai aiki da iyali ya dubi kalandarsa tukuna. Wanda yake kamfanin binciken kuɗi ya san cewa daga Janairu zuwa Maris ba shi da lokacin kansa, saboda kamfanonin da suka rufe littattafansu a ƙarshen Disamba, wanda yake sashen haraji kuma yana da takardun da dole a miƙa kafin ƙarshen Yuni, ga rufe lissafin kowane wata, ga zafin Afrilu da rashin wuta, ga biki da suna da ta'aziyya waɗanda ba a iya guje wa dukkansu a cikin al'ummarmu. Wanda yake da sa'o'i biyu a rana ya ɗauki abin da sa'o'i biyu za su iya ɗauka. Cin takarda biyu a zama ɗaya ya fi samun 44 a takardu huɗu, ga asarar kuɗi, ga karyewar zuciya. Kuma ina ganin sa'a ɗaya da rabi bayan sallar asuba, kullum ba fashi, ta fi kwanan zaune na daren Asabar, domin abin da aka rarraba a kwanaki ya fi zama a kai, kuma da asuba babu mai buga waya ko ƙwanƙwasa ƙofa. Matan aure da ke wannan gwagwarmaya suna da ƙarin nauyi, kuma maigidan da yake son a kira matarsa ƙwararriyar akanta ya kamata ya san cewa akwai watanni biyu da zai ɗauke mata wasu hidimomi, ya kuma ba dangi haƙuri a madadinta.

Addu'a wajibi ce kuma kowa da rabonsa, babu mai jayayya da wannan. Sai dai a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, an umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, don haka kada a jingina wa ƙaddara abin da agogo da biro za su iya gyarawa.

Wani tarkon da ya keɓanta ga masu maimaitawa shi ne tsofaffin takardun lakca. Wanda ya daɗe yana fama da takarda ɗaya yakan riƙe bayanan da ya tara tun zamansa na farko, ya saba da su har yana jin su ne dukiyarsa, alhali dokoki sun canza a ƙarƙashin ƙafarsa. Dokar kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun daga Fabrairun 2020, dokar kamfanoni ta 2020 ta maye gurbin ta 1990, ƙa'idar rahoton kuɗi ta ƙasa da ƙasa mai suna IFRS 16 ta sauya yadda ake rubuta haya a littattafai tun 2019, sannan a Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji waɗanda suka sake fasalin tsarin har da sunan hukumar tara harajin tarayya. Tsohuwar tambaya tana da amfani wajen koyon salo da sarrafa lokaci, amma amsarta ta shekaru biyar da suka wuce tana iya zama kuskure a yau, musamman a takardun haraji da na rahoton kuɗi. Wannan ya shafi masu jarrabawar ACCA ta ƙungiyar akantoci mai hedikwata a Birtaniya, da masu ATSWA, wato jarrabawar ƙananan akantoci ta Afirka ta Yamma, da 'yan'uwanmu na ANAN, ɗaya ƙungiyar akantoci ta Najeriya, da ke zuwa kwalejin Kwall kusa da Jos. Kafin mutum ya biya kuɗin rajistar zama na gaba, ya shiga shafin cibiyarsa ya sauke manhajar da ke aiki yanzu, ya tabbatar da dokoki da ƙa'idojin da za a yi tambaya a kansu a wannan zaman, sannan ya zauna da tarin takardunsa ya ware waɗanda zamaninsu ya wuce ya fitar da su daga ɗakin.