Kiɗan fim ɗin tsoro ba hayaniya ba ce

Masu haɗa fim na Damagaram, ina da magana da ku. Da dodo ya fito sai ku sako ƙarar da kuka sauke daga intanet, kunne ya toshe, amma gaban kowa bai faɗi ba.

Ku dubi fim ɗin Alien na 1979, wanda Jerry Goldsmith ya yi wa kiɗa. Yana da ƙungiyar makaɗa cikakkiya, amma sai ya nemo ƙahon ƙatantanwar teku da wani tsohon abin busa na Turai mai siffar maciji, ya kuma bi da wasu sautuka ta na'urar maimaita amo. Abin da yake nema shi ne sautin da kunne zai kasa gane mai shi. Nan tsoron yake.

Mu ma muna da kayan. Ku samo mai goge ɗaya. Ya shafa ƙaro sosai, ya ja bakan gogen daf da jaki, wato ɗan itacen da ke tallafe da tsirkiya, a hankali, har sautin ya koma kamar ƙarfe na kuka. Ku ɗauki sauti guda sau takwas, kowane karo ya ɗan gusa yatsa kaɗan, sannan ku ɗora su bisa juna a kwamfuta. Saɓanin nan da ke tsakaninsu shi ke tada tsigar jiki. Kada ku kwafi ɗauka ɗaya sau takwas, ƙarfi kawai za ta ƙara, ba za ta yi kauri ba. Kakaki kuma, in an rage saurinsa da rabi, gurnani yake komawa, ba mai tuna ƙofar fadar Sarki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sauti mai zurfi. Babban gogen Turawa yana sauka har kusan 41 Hz, wato kaɗawa 41 a daƙiƙa guda, kuma lasifikar salula ba ta fitar da wannan. Mutanenmu kuwa a salula suke kallo. Saboda haka ku ninka shi da wani sautin da ya fi shi hawa sama, ku kuma saurara a wayar kafin ku saki fim.

Ɗaukar ma a yi ta da dare, a kashe fanka, lokacin da ƴan kabu-kabu suka koma gida. Kafin abin ya bayyana, ku ɗauke kiɗan ɗungurungum na daƙiƙa biyu ko uku, a bar numfashin ɗan wasa kaɗai.