A mayar wa tsofaffinmu da furarsu da kwaɗon zogale

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya ta Ƙofar Marusa in gaida gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta haura shekara tamanin. Na iske ta zaune bisa darduma, an aje mata farar shinkafa da miyar tumatir, ga kwalbar lemo mai sanyi a gefe. Kofin shayin safe ma bai bar ɗakin ba, da ragowar burodi a leda. Ta ɗan tsakuri shinkafar ta ture, ta dubi surukarta ta ce, "Yau ma ba a dama fura ba?" Ita kuma cikin ladabi ta ce, "Inna, Alhaji ya ce a bar ba ki abincin wahala, tunda Allah ya hore." Gwaggo ta yi shiru. Sai da na miƙe zan tafi ta riƙo hannuna ta ce, "Ɗan nan, in ka bi ta kasuwa ka samo mani zogale da ƙuli. Kwana huɗu ke nan cikin nan ya ɗaure mani."

Alhajin nan taubashina ne, na kuma san irin son da yake yi wa mahaifiyarsa. Ba rowa ba ce, ba sakaci ba ne, gata yake yi mata iya saninsa. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A gidaje da yawa a Katsina da Daura, da zarar ɗa ya samu, abu na farko da yake canja wa iyayensa shi ne kwano. Tuwon dawa ya koma farar shinkafa da taliya, kunun tsamiya ya koma shayi mai sukari da madarar gwangwani, fura ta koma lemon kwalba. Ni dai a ganina wannan gatan yana da illa, kuma illar ba a ciki kaɗai take tsayawa ba, tana iya kaiwa har ƙwaƙwalwa.

A cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteriya. Wani lissafi da aka fitar a 2016 ya ƙiyasta cewa sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin baligi ɗaya, mafi yawansu a babban hanji. Mun saba da jin sunansu a matsayin ƙwayoyin cuta, amma galibin na hanji abokan zama ne, aiki suke yi mana. Abincinsu shi ne abin da cikinmu ya kasa narkarwa: dusar hatsi, ɓawon wake, harzar ganye da ta 'ya'yan itatuwa, wato abin da likitoci ke kira faiba. Idan suka samu wannan sai su tsimar da shi, kamar dai yadda gasara ke tsami a cikin tukunya, su fitar da wasu sinadarai da ke ciyar da bangon hanji, su ƙara mashi ƙarfi, su kuma kwantar da garkuwar jiki. Idan suka rasa, masu amfanin sai su ragu, bangon hanjin ya yi rauni, abubuwan da ya kamata su tsaya a hanji su riƙa tsiyaya cikin jini. Daga nan sai jiki ya shiga wani irin kumburi na ɓoye, marar zafi, marar zazzaɓi, mai ci a hankali tsawon shekaru. Irin wannan kumburin yana ƙaruwa da tsufa, kuma yana cikin abubuwan da ake dangantawa da lalacewar jijiyoyin jini da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Bayan hanyar jini akwai kuma wata doguwar jijiya mai suna begas, wadda ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta ratsa wuya da ƙirji ta sauka cikin hanji, kuma mafi yawan saƙon da take ɗauka daga ƙasa yake zuwa sama. Bahaushe ya daɗe da sanin wani abu a nan, shi ya sa in ya tsorata yake cewa "cikina ya ɗuri ruwa", in ya ji daɗi ya ce farin ciki, in ya ɓaci ya ce baƙin ciki. Likitoci ma sun lura cewa masu cutar Fakinson, mai sa karkarwar hannu, sau da yawa sukan yi shekaru suna fama da taurin bayan gida kafin karkarwar ta bayyana.

Binciken da ya fi tsaya mani a rai a kusa da mu aka yi shi. A 2010 wasu masana daga Italiya suka kwatanta hanjin yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da na yara 15 na birnin Fulorans. Me yaran ƙauyen ke ci? Gero, dawa, wake da ganye. Abincinmu ke nan, ba ƙari ba ragi. Aka samu hanjinsu cike da nau'o'in bakteriya masu narkar da dusa waɗanda babu su ma a hanjin yaran Turai, da ƙarin sinadaran nan masu kare hanji, da ƙarancin dangin ƙwayoyin da ke kawo gudawa. Wato abin da muke kira abincin wahala shi ne masana suka yi tattaki suka zo koyo a kansa. A 2015 kuma aka yi musayar abinci na mako biyu tsakanin baƙaƙen fata 20 na Amurka da mutanen karkara 20 na Afirka ta Kudu. Cikin kwana 14 kacal hanjin 'yan Amurkan ya nuna alamun gyaruwa, na 'yan Afirkan da aka ɗora bisa abinci mai maiƙo marar dusa ya nuna alamun lalacewa. Canjin kwano ba ya ɗaukar shekaru kafin hanji ya ji shi.

Kan tsofaffi fa? A Ailan, a 2012, an binciki tsofaffi 178, aka ga waɗanda ke zaune a gidajen kula da tsofaffi, inda abinci ke da laushi kuma iri ɗaya kullum, ƙwayoyin hanjinsu sun ragu iri-iri, kuma raguwar tana tafiya tare da raunin jiki da kumburi. A 2020 an fitar da sakamakon wani bincike kan mutum 612 masu shekara 65 zuwa 79 a ƙasashen Turai biyar. Waɗanda suka yi shekara guda suna cin ganye da wake da hatsi marar surfe da kifi sun samu ƙaruwar ƙwayoyin da ake dangantawa da ƙarfin jiki da kaifin tunani. Sai kuma na tagwaye a Landan a 2024: tagwaye 36 da abokan haihuwarsu, duk sun haura shekara 60, aka ba ɗaya garin faiba kullum, ɗayan aka ba shi garin da ba shi da ita. Bayan mako 12, waɗanda suka sha faibar sun fi 'yan'uwansu a gwajin tuna abu.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba, domin masu tallan magani a mota da lasifika sun ishe mu da alkawari. A Amurka an gwada wani tsarin abinci da aka shirya musamman domin ƙwaƙwalwa kan tsofaffi 604 har shekara uku, sakamakon ya fito a 2023, kuma ba a ga wani bambancin a zo a gani tsakaninsu da waɗanda aka rage wa yawan ci kawai ba. Gwajin da ya yi suna a 2021, inda aka zuba ƙwayoyin hanjin matasa a cikin tsofaffi tunaninsu ya inganta, a kan ɓeraye aka yi shi. Saboda haka duk wanda ya ce maka fura ko zogale ko wani ƙullin gari yana warkar da wanda ya riga ya ruɗe, kada ka ba shi kuɗinka. Maganar da nake yi ta rigakafi ce da jinkirtawa. Kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, kuma a cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba da yawan kitse a jini. Dukkan huɗun nan kwano yana da hannu a cikinsu. Ko da mutum ya ajiye zancen bakteriya gefe, farar shinkafa da lemon kwalba kullum ga tsohuwa mai hawan jini ba gata ba ne.

Ita wannan cutar mantuwa, mu a nan gigin tsufa muke kiranta. Mu ce "Baba ya ruɗe", mu ɗauka haka tsufa ya gada, wani lokaci ma a jingina wa iska ko sammu. Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, kuma Annabi (SAW) ya nemi tsari daga wannan hali. Abin da aka nemi tsari daga gare shi ya cancanci a bi sababin kauce mashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da wannan cuta, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu. A nan gida Najeriya, wani dogon bincike da aka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fatar Indiyanafolis a Amurka, aka samu masu kamuwa da cutar a Ibadan ba su kai rabin na can ba. Binciken bai shafi ƙwayoyin hanji ba, amma masu shi sun karkata hankali ga abinci da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a Ibadan ta wancan lokaci. Wannan rata ce muke zubarwa da hannunmu.

Kada kuma a ɗauka duk abin da ya fito daga turmi lafiyayye ne. Surfe yana cire dusa, kuma yau da injin surfe ya wadata mukan goge gero da masara tas, mu zuba wa tumaki mafi amfanin hatsin. A sassauta surfen. Furar da aka lafta wa sukari cokali huɗu ta zubar da rabin alherinta. Nonon da ba a tafasa madararsa ba kafin ya kwana yana iya ɗauke da tarin fuka da wasu cututtukan shanu, wanda aka sirka da ruwan da ba a san asalinsa ba kuma yana iya kwantar da tsoho da gudawa. Kindirmo mai tsabta shi ne abin nema, domin yana zuwa da ƙwayoyinsa masu rai. Wani gwaji a Jami'ar Stanford a 2021 ya nuna cewa mako 10 na cin abinci mai tsami irin wannan ya ƙara yawan nau'o'in ƙwayoyin hanji ya kuma rage alamun kumburi. Daddawar kalwa ita ma tsimi ce. Ko da tafasa ya rage ƙwayoyinta, in ta maye gurbin dunƙule uku ko huɗu a miyar kuka, an rage wa tsoho gishiri, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da za a ci a yini kada ya kai giram 5.

Uzurin da na fi ji shi ne haƙori. Gaskiya ne, tsohon da ba shi da turame ba zai tauna goruba ko aya ba, shi ya sa ake komawa ga burodi da shayi. Amma girkinmu cike yake da abinci mai laushi mai dusa: faten wake, ɗanwake da garin kuka, dambun zogale da ya turaru sosai, miyar kuɓewa, ta yakuwa, ta lalo, ta karkashi, kunun gyaɗa, kunun aya, kabewa, gwanda, dankalin Hausa. Giram 25 na faiba a yini ake so baligi ya samu, kuma kwanon faten wake ɗaya da kwaɗon rama sun kai mutum nesa a wannan hanya. Wanda ya daɗe bai ci ba a fara mashi da kaɗan kaɗan, da ruwa wadatacce, don kada ciki ya kumbura. Mai ciwon sukari ko na ƙoda kuma ya ji ta bakin likitansa tukuna.

Akwai wata ɓarnar da ba a cikin kwano take ba. Tsoho ya yi ɗan tari ko murɗar ciki, a aiki yaro kemis ya sayo kafso huɗu ba tare da takardar likita ba. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa bambance mugu da nagari, share hanji suke yi, kuma hanjin tsoho yana daɗewa bai farfaɗo ba.

Na san tsadar rayuwa, na san tiyar wake ba wasa ba ce. Na kuma san yadda rashin tsaro da satar shanu a yankunan Batsari, Safana, Jibiya da Faskari suka taɓa noma da kiwo, har nono mai kyau ya yi wuya a gari, aka koma ga na madarar gari da sukari. Duk da haka, kuɗin katan ɗin lemo da gwangwanayen madara na wata guda zai sayi gero da ganye da kindirmo har da canji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, mu kuwa da muke noma shi tun daga Mai'aduwa har Mashi muna jin kunyar aje shi gaban baƙo. Ina fatan Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su haɗa kai su binciki tsofaffinmu na ƙauye da na birni, abin da suke ci da yadda tunaninsu ke tafiya, tun masu shan fura safe da yamma suna da rai. Ma'aikatan asibitocinmu kuma, in sun gama auna hawan jinin tsoho, su tambayi wanda ya rako shi abin da ake zuba mashi a kwano.

Washegari na koma da ɗaurin zogale biyu da ƙuli da ƙwaryar kindirmo daga wata Bafillatana da gidanmu suka daɗe suna saye wurinta. Na iske taubashina a zaure, muka yi kusan awa guda muna magana. Da farko ya ji nauyi, ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe mahaifiyarsa. Na ce mashi ya shiga ya tambaye ta da kansa. Ya shiga ya durƙusa ya ce, "Inna, me kike so a riƙa dafa maki?" Ta lissafa mashi da yatsu: fura da hantsi, tuwon dawa miyar kuka da daddawa da dare, kwaɗo in an samu. Ya kira yaro ya ba shi kuɗin tiya biyu ta gero, ya ce a gaya wa mai inji kada ya surfe shi da yawa.