Tsohuwar taswira da Google Earth ba kullum suke haɗuwa ba

Wai sai mutum ya ɗauko tsohuwar taswirar gaɓar teku ya ɗora kan hoton Google Earth, yana ganin layin bai zauna daidai ba sai ya ce shikenan ruwa ya cinye ƙasa. A'a malam, bi a hankali.

Ɗauki taswirorin gaɓar Amurka, tun 1807 shugaban ƙasar na lokacin, Thomas Jefferson, ya sa hannu aka kafa hukumar safiyon gaɓa, yanzu NOAA, hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, ta yi sikanin taswirorin kowa na iya saukewa. Ma'auna ƙwararru ne suka yi su wallahi, amma dai takarda ce, tana motsewa tana miƙewa idan ta sha shekaru, kuma a sikelin 1:10,000 kuskuren milimita 1 a takarda mita 10 ne a ƙasa fa. Ga kuma tushen lissafin da suka ɗora awonsu a kai ba irin na GPS ɗin yau ba ne, ko a Najeriya tsofaffin taswirori da tushen lissafin da ake kira na Minna aka yi su.

Sannan su inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika suka zana, shi kuwa tauraron ɗan adam duk lokacin da ya wuce yake ɗauka, ko ruwan ya janye.

Shi ya sa a QGIS, manhajar aikin taswira, sai ka fara kafe taswirar da abubuwan da ba sa motsi, tsohon coci ko mahaɗar titi, ka duba girman kuskuren tukuna. Zaizaya gaskiya ce kam, amma ratar da ba ta wuce kuskuren ba kar ka kira ta zaizaya.