Layi na Bakwai a Bonny: ina iskar gas ɗin da za a zuba masa?

Murnar da ake ta yi kan layi na bakwai, wato sabon rukunin injinan mayar da iskar gas ruwa, na kamfanin iskar gas na NLNG a tsibirin Bonny ta fara damuna, domin duk wanda ya buɗe baki sai ya ambaci tan miliyan 30 a shekara da masana'antar za ta iya fitarwa gaba ɗaya idan aka kammala shi, babu mai tambayar inda iskar da za ta cika wannan adadi za ta fito. Layuka shida da ke aiki a yanzu an gina su ne don fitar da tan miliyan 22, kuma a shekarun baya-bayan nan sun sha yin aiki ƙasa da ƙarfinsu, saboda iskar da ke isa masana'antar ba ta wadatar.

Masana'antar ba ta haƙo iskar gas. Aikinta shi ne ta karɓi abin da bututu ya kawo mata daga rijiyoyin yankin Neja Delta, ta tace, ta sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili har ya koma ruwa, girmansa ya ragu kusan sau 600, sannan a loda shi cikin jiragen ruwa zuwa Turai da Asiya. Idan aka fasa bututu ɗaya a cikin fadama, ko aka rufe rijiyar mai wadda iskar ke fitowa tare da shi, injinan Bonny sai su zauna jira. A watan Oktoban 2022, lokacin da Turai ke neman gas ido rufe bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, kamfanin ya sanar da masu saye cewa ba zai iya cika alkawarinsa ba, saboda ambaliya ta dakatar da masu kawo masa iskar.

Za a ce mini ai an yanke shawarar zuba jarin tun Disamban 2019, kuma NNPC mai kashi 49 cikin 100 da Shell da TotalEnergies da Eni ba za su zuba kuɗinsu a rami ba. Wannan ba amsa ba ce. Za a kuma ce ƙasar tana da arzikin gas sama da ƙafa tiriliyan 200 (a ma'aunin cubic feet) a ƙarƙashin ƙasa. Iskar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa ba ta cika jirgi, sai an haƙo ta, an tsare bututunta, an kai ta bakin teku lafiya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ina son wannan aiki ya yi nasara, domin tun jirgin farko da ya tashi daga Bonny a 1999 kamfanin ya rage iskar da ake ƙonawa a banza, ya kuma shigo wa gwamnati da kuɗi masu yawa. Saboda haka nake neman a gaya mana sabbin rijiyoyin da za su ciyar da layi na bakwai, da ranar da za su fara, da wanda zai tsare bututunsu.

Akwai kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020. Shi ma daga Neja Delta zai samu iskarsa, kuma ranar da ta yi ƙaranci, ina so in san wa za a fara bai wa tsakanin jirgin Turai da tashar lantarkin cikin gida.