Na gaji da rigimar da ba tamu ba

Jama'a ku yi min haƙuri, rubutun nan zai ɗan yi tsawo, amma abin ya daɗe yana ci min rai.

Duk wanda ya tashi a Kano ya san siyasa a jininmu take. Iyayenmu sun ba mu labarin jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950, da mutanen da suka sha ɗauri da bulala saboda sun ce talaka ma mutum ne. Ko rigimar Santsi da Taɓo da ta raba jam'iyyar PRP a jamhuriya ta biyu, tsakanin Malam Aminu Kano da Abubakar Rimi, za ka iya zama ka faɗi abin da aka saɓa a kai. Ta yau fa? Don Allah wani ya gaya min a kan wace aƙida ake wannan faɗan.

A ƙarshen 2013 Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC, sai Malam Shekarau ya fice daga APC ya koma PDP, har ya zama ministan ilimi. A 2018 Kwankwaso ya dawo PDP, Malam ya sake tattara kayansa ya koma APC. A 2022 suka haɗu a NNPP, magoya baya suka yi ta murna an ɗinke, ba a yi wata huɗu ba Malam ya wuce PDP. Duk sauyin sheƙar nan ban taɓa jin an ce saboda an saɓa kan matsalar ruwan sha ba, ko kan yaran da ke zaune a ƙasa a firamare. Kullum maganar ɗaya ce: wa zai riƙe jam'iyya, wa za a ba takara.

Na Kwankwaso da Ganduje ya fi yi min ciwo. Sau biyu Ganduje yana mataimakinsa, a 1999 da 2011, jar hula ɗaya suke sawa, da hannu aka ɗaga mana shi a 2015 aka ce mu zaɓa. Shekara guda ba ta cika ba aka raba gari. Ko dai ba su san juna ba duk tsawon shekarun nan, ko kuma sun sani suka ɓoye mana.

Kuma mu ne muka biya kuɗin faɗan. Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomi 44, da yawansu sun yi shekaru a yashe, an rushe wa mutane gaban gidaje, damina ta zo ta mai da wurin kududdufi. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, a Maris 2020 aka sauke Sarki Sanusi. A 2023 sabuwar gwamnati ta fara da rusau, har da shataletalen gidan gwamnati da aka gina da kuɗin jama'a. A 2024 aka soke dokar masarautu aka dawo da Sarki Sanusi, muka wayi gari da sarakuna biyu a birni ɗaya, ɗaya a gidan Dabo ɗaya a gidan Nasarawa, jami'an tsaro sun tare hanyoyi. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, na sani, amma sarautar da muka gada ɗaruruwan shekaru ba ta cancanci a mai da ita sandar dukan abokin hamayya ba.

A layinmu akwai wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, da suka daina gaisawa tun zaɓen inkwankulusib na 2019. Ranar sunan ɗan ƙanin, wan ya zo ya tsaya daga bakin zaure, ya miƙa wa wani yaro ɗan abin da ya kawo, ya juya. Mahaifiyarsu na ciki tana kuka. Waɗanda suke yi dominsu ba su san sunayensu ba, kuma in an haɗu a ɗaurin auren 'ya'yan manya ko wajen ta'aziyya, za ka gan su sahu ɗaya ana musabaha. Ga yaran da ake ɗebowa jagaliya, a ba su ƙwaya da 'yan kuɗin kashewa su riƙe gora, ana rantsar da gwamnati a manta da su, mu kuma mu ci gaba da haɗuwa da su a lungu suna ƙwacen waya.

Na san wani zai ce ai ɗan wane ne ya rubuta, biyansa aka yi. Wallahi ba ni da ubangida a cikinsu. Ban kuma ce ba su yi aiki ba: akwai 'ya'yan talakawa da suka yi karatu a ƙasashen waje, akwai gadoji, akwai asibitoci, Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi. Abin da na daina yarda da shi shi ne kukan da suke yi a kan mumbari cewa don mu suke yi. Wanda yake yi don mu ba zai bar aikin da ya tarar ya lalace ba don kawai sunan abokin gabarsa ne a jikin allon.

Zan ci gaba da yin zaɓe, katina na nan. Amma ba zan ƙara ɓata da maƙwabcina saboda wani ɗan takara ba, kuma duk wanda ya zo ƙofar gidana da taliya da atamfa a 2027, zan tambaye shi ayyukan wanda ya gada guda nawa ya ƙarasa.